Gwauruwa da Tumatir ɗin Mijinta

Akwai wata mace a wani gari, wadda mijinta yake da ɗan lambu a bayan gida, kunya huɗu kacal, tsakanin rijiya da katanga. Ba ya shuka kome a wurin sai tumatir. Irin kuwa na gado ne, daga hannun mahaifinsa ya karɓa, manya jajaye masu nama, guda biyu sun isa miyar gida. Kowace shekara yakan zaɓi waɗanda suka fi kyau, ya matse 'ya'yansu a kan tsumma, ya shanya, ya adana cikin 'yar kwalba da toka.

Kowace safiya mutumin yakan bi kunyoyin nan a tsugune. In ya ga ɗan toho ya leƙo tsakanin ganye da kara, sai ya sa farce ya tsinke. Kowane gindi kuma yakan kafa masa sanda, ya ɗaure shi da ƙyalle. Matar kuwa abin nan yana ba ta haushi. Takan ce, "Haba Maigida, abu yana son girma kana ta figarsa? Wannan ai mugunta ce." Shi dai murmushi kawai yake yi, ya zo karin kumallo yatsunsa kore shar, suna ƙanshin ganyen tumatir.

Ana nan sai mutumin ya kwanta ciwo. Da ya ga ba tashi zai yi ba, ya miƙa mata kwalbar, ya ce, "Kada ki bar irin nan ya ƙare. Ina so jikokinmu su ci." Ya rasu kafin ruwan fari.

Da damina ta sauka, matar ta buɗe kwalbar. Saboda ɗoki da ƙaunar mijinta ta juye irin duka, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. Ta yi dashe, ta zuba taki, tumatir ya kama ƙasa ya miƙe. Ba da daɗewa ba 'yan toho suka soma leƙowa. Ta kai hannu za ta tsinke, sai zuciyarta ta karye. Ta ce a ranta, "Abin da ya bar mini ke nan a duniya. Hannuna ba zai cuce su ba." Sandunan ma ta bar su jingine a bayan rumbu, wai kada ɗauri ya shaƙe su.

Maƙwabcinta, wani dattijo aminin mijinta, ya leƙo ta kan katanga, ya ce, "Maman Rifkatu, ki tsinke 'yan tohon nan tun farce yana iyawa, ki kuma kafa musu sanda. Marka tana tafe fa."

Ta ce, "Na gode, Baba. Amma bar su su sha iska. Sun sha wuya a hannun amininka."

Dattijon ya girgiza kai, ya koma gidansa.

Kai, lambun nan ya yi kyau! Kowane toho ya zama reshe, kowane reshe ya fid da nasa tohon, har ba a ganin ƙasa. Mata masu zuwa ɗiban ruwa sai su tsaya su riƙe baki, su ce ko lokacin mai gidan ba su taɓa ganin ganye haka ba. Ita kuwa sai daɗi ya cika ta. Ba ta lura cewa ƙarfin itacen duk a ganye ya ƙare ba, 'ya'yan kuwa 'yan mitsi-mitsi ne, ɓoye a cikin duhu.

Sai marka ta zo. Kwana shida ruwa bai ɗauke ba. Tumatir ɗin, da yake ba abin da ya tokare shi, ya kwanta cikin taɓo, rassa suka sarƙe, iska ba ta ratsawa. Ganye ya yi baƙi, 'ya'yan suka ruɓe tun suna ɗanyu. Ran da rana ta fito, matar ta ruga da wuƙa da sanduna. Ina! Wanda ta ɗaga sai ya karye a hannunta, wanda ta sare sai ruɓa ta bi ta wurin saran. Ta bi kunyoyin huɗu da rarrafe tana neman guda ɗaya tak da ya nuna, don ta cire iri. Ba ta samu ba.

Ta zauna a bakin rijiya, kwalbar tana gefenta, ba kome a ciki sai toka. Ta kai hannu za ta share hawaye, sai ta ji ƙanshin nan a yatsunta, ƙanshin hannun mijinta. Nan ta fashe da kuka mai zafi. Dattijon ya shigo ya tsaya kusa da ita. Sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, ashe ba mugunta yake yi ba."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: tumatir ɗin nan rayuwarmu ce, da ta 'ya'yan da Allah ya danƙa mana. 'Yan tohon kuwa su ne ƙananan halayen da muke gani mu kau da kai. Ƙaramar ƙarya, gunaguni, 'yar gulmar bakin ƙofa, yaro ya zagi babba mu yi dariya mu ce ai yaro ne. Ran da suka leƙo, kalma ɗaya ta ƙauna ta isa ta tsinke su. In suka yi kauri, sai an yi rauni, wani raunin kuma ba ya warkewa.

Sandar nan Maganar Allah ce. Ɗaurinta yakan dame mu, muna ganin an hana mu sakewa, amma ita ke riƙe mu a tsaye sa'ad da ruwan gwaji ya sauko. Ubangiji kuma, in ya sa hannu ya tsinke wani abu a rayuwarka, kada ka ce masa mugu. 'Ya'ya yake nema a jikinka, yabon masu wucewa bai dame shi ba.

Ku lura fa, matar nan ba raguwa ba ce, ba kuma mai ƙiyayya ba. Ta yi ban ruwa, ta zuba taki, ta ƙaunaci lambun da dukan zuciyarta. Abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Tausayin da ya hana ta tsinkewa shi ne ya hallaka abin da take tausaya wa. Bangaskiyar da muka karɓa daga iyayenmu ma iri ce, tana iya ƙarewa a hannun mutum ɗaya. Saboda haka wanda ya san akwai toho a gidansa, ko a zuciyarsa, ya koma yau ya tsuguna ya duba. Jikokin matar nan sun taso suna jin labarin tumatir ɗin kakansu, amma ko ɗayansu bai taɓa ɗanɗana shi ba.