Rantsuwar Gwamma da Dambun Kinuwa

Ku gyara zama, ku rage surutun nan. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba wanda zai tashi sai an yanke ta.

A Saminaka an yi wata mata, Gwamma mai tuwon biki. Shekara arba'in ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a unguwarsu ba sai da ita a bakin murhu. In ta ci ɗamara da gyale, mata ashirin ke jiran umarninta, kuma ba tukunyar da ake saukewa sai ta ɗanɗana. Ta san matsayinta sarai, ba ta kuma ɓoyewa, ko tafiyarta ka gani ka san da wadda kake magana.

Da girma ya zo, sai ciwon sukari ya biyo bayansa. Likita ya raba ta da tuwon shinkafa da waina da duk abin da ta yi suna a kansa, ya ce ta koma wa acca. Wata huɗu cur, kunun acca da safe, faten acca da rana, tuwon acca da yamma, a ɗan kwano mai murfi, a kai mata ɗaki ita kaɗai, alhali ƙamshin girkin gida na shigo mata ta taga. Rannan ta ture kwanon ta ce, "Wallahi tallahi acca ba za ta ƙara shiga bakina ba." Liman ya aiko cewa ta yi kaffara ta ci abincinta, addini ya ba ta wannan sauƙin. Ta ce a gaishe shi da kyau, ita dai ba ta taɓa magana biyu ba. Kun san irin tsofaffin nan, taurin kai ko jaki albarka.

Mako guda daga ruwan zafi sai ɗan romo. Awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Likita ya ce in aka ƙara kwana uku a haka sai gadon asibiti, kuma bai yi alkawarin za ta sauko da ƙafarta ba. Gwamma ta tsorata, ƙwarai kuwa, amma a wurinta mutuwa ta fi sauƙi a kan a ce ta janye.

To, tana da 'ya'ya mata uku, duk suna gidajen mazajensu.

Babbar, Lantana, tana Kaduna tana sayar da atamfa. Da labari ya iske ta, ta rufe shago ta shiga gari kanti-kanti tana tambaya, "Me kuke da shi mai kama da acca, amma ba acca ba?" Wasu suka yi mata dariya, wasu suka ɗauka zolaya ce. Da Kaduna ta ƙare mata ta hau mota sai Abuja. Kwana biyu tana yawo har ƙafafunta suka kumbura, kafin ta dace da wani hatsi na ƙasashen ƙetare da ake kira kinuwa, ya fi acca girma, bai kai gero ba. Ta sayi leda biyu. Ba ta wuce gida kai tsaye ba, sai da ta kai wa likita ya duba, ya ce a ba ta amma da awo. Daga nan ta kai wa Liman, ya murza a tafin hannunsa, ya ce wannan ba acca ba ce, rantsuwa ba ta hau kansa ba. Ba don Lantana ba, da ba abin ɗorawa a wuta ma.

Sai dai fa duk gidan suka haɗu a kan kuskure guda. Mu a wurinmu tsakuwa da yashi ke sa a wanke hatsi a rairaye. Wannan kuwa ya fito daga leda fes, ko ƙura babu, to wa zai ɓata ruwa? Aka juye leda guda a tukunya. Da ya nuna aka ɗanɗana, tirƙashi! Ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Jikin kowa ya yi sanyi, ga leda ɗaya tak ta rage.

Ta tsakiyar, Delu, a ƙauye take aure, manomiya ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗebi tafi guda ta zuba a ƙwarya, ta sa ruwa ta murza, sai ga kumfa ta taso kamar ta sabulu. Ta lasa, ta tofar, ta ce, "Ga ɓarawon nan, a bayan ƙwayar yake, ba a cikinta ba." Ta juye sauran ledar a ƙwaryar, ta durƙusa tana murzawa tana tacewa a rariya, ruwa bakwai, har ruwan ya fito garau, 'yan yatsunta suka yi fari. Sannan ta turara shi a madambaci, ta haɗa da zogale da albasa da dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa. Ƙwayoyin suka buɗe, kowace da ɗan farin zare a jikinta, dambu ya fito washar-washar, ƙamshi har zaure. Ba don Delu ba, da wahalar Lantana a bola za ta ƙare.

Aka zuba a ɗan kwanon nan mai murfi aka kai ɗaki. Ƙamshi ya bugi Gwamma, amma da idonta ya faɗa kan kwanon sai ta juya fuska bango.

Autar, Tabawa, katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na uwar, kullum tana nan. Ita ce ta lura da inda idon tsohuwar ya tsaya. Ta gane ashe ba acca kaɗai Gwamma ta tsana ba, abin da ya fi ci mata rai shi ne a ware ta kamar an gama da ita. Tabawa ta ɗauke kwanon, ta juye dambun duka a babban farantin biki, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta tara yayyenta da surukai da maƙwabta, kowa ya wanke hannu ya zauna. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya.

"Inna, mun kasa. Yaya Delu ta ce gishiri ya ji, Yaya Lantana ta ce bai ji ba. Ba mai sa hannu sai kin raba mu."

Gwamma ta san dabara ce, ai ita ta haifi yarinyar. Amma a ce mata na zaune gaban faranti suna jiran bakinta, ita kuwa tana kwance? Ina! Ta miƙe tana dafa bango, aka miƙo mata hannu ta doke shi. Ta zauna, ta ɗiba da yatsu uku, ta daɗe tana taunawa.

"Gishiri ya ji," in ji ta. "Yaji ne babu. Wa ya koya muku dambu ba yaji?"

Aka kawo yaji a guje. Ta barbaɗa, ta sake ɗiba don ta tabbatar, ta kuma sakewa, har gefen da ke gabanta ya zama fili. Kowa ya sunkuyar da kai yana ci kamar bai gani ba, Lantana kuwa hawaye na ɗiga a zaninta. Ba don Tabawa ba, da dambun Delu ya huce a ƙarƙashin murfi.

Cikin wata guda Gwamma ta murmure, muryarta ta dawo har ana jin faɗanta daga titi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sha labari. "'Ya'yana ne," take cewa tana bugun ƙirji, "ni na haife su, ni na koya musu." Ba ta taɓa jin alfahari irin wannan ba, ko a ranar da ta ciyar da mutum dubu.

Wata Juma'a ta tara dangi, ta sa aka ɗauko mata muciyar da ta gada daga kakarta, wadda ta yi baƙi sul saboda shekaru. A zuriyarsu wadda ta riƙe muciyar nan ita ce uwar girki a kowane biki, ba a raba ta, ba a karɓa-karɓa. Gwamma ta ce ta gama tsayuwa a bakin murhu, kuma wadda ta dawo da ita daga bakin kabari ita za ta karɓa. Ta ɗaga muciyar, ta dubi Lantana da ta nemo, ta dubi Delu da ta gyara, ta dubi Tabawa da ta sa aka ci. Matar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ran nan hannunta ya tsaya a sama.

To, jama'a, ga ku ga su. A hannun wa za ta sa muciyar nan?