Hannun Aling Nenita

Akwai wata mata a nan garinmu na Candaba mai suna Nenita Sagum, kowa Aling Nenita yake ce mata, don a wajenmu Aling ake kiran babbar mace don girmamawa, namiji kuma Mang. Kiwon agwagi take yi a bakin fadama, tana kuma yin ƙwan gishiri. Da hannunta take kwaɓa laka da gishiri, ta lulluɓe ƙwan agwagwa ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye har ya yi. Duk kasuwa an san ƙwanta.

A shekarar da abin ya faru, sau biyu ɓarayi suna shiga gonarta. A zuwa na biyu suka ɗaure mijinta Mang Isko a turken rumfa, suka yi masa dukan da har yau da sanda yake tafiya. 'Ya'yansu kuwa duk suna Manila, babban birni.

Sai ta nemi lasisi, ta sayi 'yar ƙaramar bindiga. Amma ko taɓa ta tsoro take ji. Jami'in da ya ba ta lasisin ya ce mata, "Aling, kada ki ajiye abin da ba ki iya ba. Je ki kulob ɗin harbi su koya miki."

Kulob ɗin yana bayan injin casar shinkafa, da allo a ƙofa an rubuta: MARABA DA SABABBIN MAMBOBI. Shugabansa wani lauya ne, Rogelio Manalang, wanda ake kira Atorni. Mambobin kusan duk abokansa ne, 'yan kwangila da masu gidajen mai da wani likita.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Aling Nenita ta hau keke mai ƙafa uku ta nufi can, da kwandon ƙwai a cinyarta don kada ta je hannu biyu.

Tana shiga, wani abokin Atorni mai suna Boyet ya ɗaga murya. "Jama'a, wa ya yi odar ƙwai?"

Aka kwashe da dariya.

Ta yi murmushi ta ce, "Ba talla na zo ba, Atorni. Wannan tsaraba ce. Koyon harbi na zo."

Atorni ya dube ta tun daga silifas har gashin kai. "To, Aling, zauna can. Layi ya cika."

Ta zauna a benci har la'asar. Suka yi harbinsu, suka ci ƙwanta da tumatir da shinkafa, babu wanda ya ce mata bismillah, balle zo ki gani.

Ta dawo Lahadin gaba, ta sake dawowa ta gaba. Ta yi rajista kamar kowa, ta sayi abin toshe kunne. Kullum maganar ɗaya ce: jira tukuna. Har suna suka laƙaba mata, Aling Agwagwa. In ta koma gida Mang Isko ya tambaye ta, sai ta ce, "Ana nan ana koyo a hankali." Ba ta so ya ji ciwo.

Wata Lahadi haƙurinta ya ƙare. Ta tashi ta je gaban Atorni.

"Atorni, in ba za a koya min ba a faɗa min, in koma wajen agwagina."

Ya kashe wa Boyet ido. "Haba Aling, wa ya ce ba za a koya miki ba? Mu ga taki bindigar." Ta miƙa masa. Ya juya ta a hannu ya taɓe baki. "Wannan ai ta wasan yara ce. Ɓarawo dariya zai yi miki. Ga ta manya."

Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wata ƙatuwar bindigar hannu, ya cusa mata harsashi mafi ƙarfi da yake da shi.

Likitan nan ya matso ya ce a hankali, "Atorni, wannan fa ta fi ƙarfinta."

"Kai dai bari, Dok. Haka muke yi wa kowane sabo. Ta ji a jikinta, gobe ba za ta dame mu ba."

Boyet ya riga ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo.

Aling Nenita ta karɓi bindigar, nauyinta ya ja hannunta ƙasa. "Da hannu ɗaya ake riƙewa ko biyu?"

"Yadda kike riƙe wuyan agwagwa," in ji Atorni.

Ta miƙa hannun dama, ta runtse ido, ta ja kunama.

Bindigar ta zabura baya kamar shurin doki. Bakinta ya daki goshin matar, ta faɗi zaune a ƙasa, jini na bin hancinta. Wurin ya ɓarke da dariya, wani har yana buga tebur. Sai da suka ga tana ƙoƙarin tashi, hannunta na reto ta inda bai kamata ya lanƙwashe ba, sannan dariyar ta yanke.

Likitan ne ya kai ta asibiti a motarsa. Atorni kuwa ya goge bindigarsa ya mayar akwati, ya ce, "Ba ta bi umarni ba ne."

A ranar Boyet ya sa bidiyon a shafinsa, ya rubuta: "Aling Agwagwa ta fito yaƙi." Da farko mutane sun yi ta dariya. Amma abin da Boyet bai lura da shi ba, wayarsa ta ɗauki muryar likitan yana gargaɗi, ta kuma ɗauki amsar Atorni tar. Matan kasuwa suka gane mai ƙwansu. Kafin mako ya zagayo, babu wayar da bidiyon bai shiga ba a lardin, kuma yanzu ba dariya ake yi ba.

Hukumar da ke ba da lasisi ta aiko aka rufe filin harbin. Abokan Atorni suka watse kamar ba su taɓa sanin juna ba. Da aka tambayi Boyet, cewa ya yi, "Ni ɗauka kawai na yi, ba ni na ba ta ba." Masu kawo wa Atorni shari'a suka riƙa janyewa. Da ya je wani kulob a garin maƙwabta yana neman shiga, mai kula da filin ya tare shi tun daga ƙofa.

"Yi haƙuri, Atorni. Muna da mata da matasa masu koyo a nan. Ba zan iya juya baya kana kusa da su ba."

Amma duk wannan bai ɗora wa Aling Nenita ƙashi ba. Wuyan hannun ya karye wuri biyu, ya kuma warke a karkace. Yatsunta ba sa dunƙulewa. Ba ta iya kwaɓa laka, ba ta iya ɗaukar faranti cike da ƙwai. Ta sayar da rabin agwaginta. Bindigarta ma ta sayar, ba ta taɓa harba ta ko sau ɗaya ba.

Bayan watanni, Atorni ya zo gonar da farar rigarsa. Ya same ta a tsugune gaban bahon laka, tana fama da hannun hagu. Mang Isko na zaune a gefe da sandarsa, bai ko amsa gaisuwa ba.

"Aling Nenita, na zo ki yafe min. Wallahi wasa ne, ban zaci..."

Ba ta ɗago ba. "Atorni, da ka ce min tafi ba ma son ki, da na tafi da hannuna lafiya. Ni ba gasa na zo yi da ku ba. Tsoro ne ya kawo ni."

Atorni ya ce, "Me zan yi miki?"

"Yafiya na yafe, don haka aka koya mana a coci." Ta nuna bahon da haɓa. "Ɗauki wannan ka kai min rumfa. A da ni nake ɗauka."

Ya sunkuya ya rungumi bahon, laka na zuba a ƙirjin rigarsa, ya kai rumfa ya ajiye. Ya tsaya yana jira ko za ta ƙara cewa wani abu. Ita kuwa ta ɗauki ƙwai na gaba da hannun hagu, ya suɓuce mata ya fashe. Ta ɗauki wani.

Darasi: Duk wanda ya zo maka yana cewa "ban iya ba, koya min," amanar kansa ya damƙa a hannunka. Kai ma akwai ranar da ba ka san komai ba, wani ya yi haƙuri da kai. In ba za ka karɓi sabo ba, sallame shi da mutunci, kada ka mayar da shi abin dariya, domin akwai ɓarnar da "yi haƙuri" ba ta gyarawa. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke shugabantar wata ƙungiya, ko ya tuna da na zaune a gefe yana jira.