Ƙahon da Ya Kai Dakaru Wurin Citta

Da idona na gani, yara, waɗannan biyun, tun na hagu bai fara hazo ba! Kada in ji wani ya ce Baba ya soma.

Akwai wani mutum manomin citta, mai babban gida a gindin dutse. Ya ɗauki ƙarti majiya ƙarfi, ya ba su kwari da baka, ya rantse wa iyalinsa don tsaron gida ne. Amma duk ranar da zai gwada su, sai ya busa ƙaho, su sheƙa bayan dutse inda ake shanyar citta, su kewaye ta. Wanda ya riga isa, shi ke cin cinyar akuya. Tsohuwarsa ta tambaye shi yaushe za a koya musu tsare ƙofar gida. Ya ce, "Mama, citta ce ke ciyar da gidan nan."

Ran nan da rana tsaka, yana kasuwa, mahara suka gangaro. Matarsa ta hango su, ta fizgi ƙaho ta busa. Dakarun suna zaune nan ƙofar gida. Suka zabura, suka ɗauki makamai, suka ruga bayan dutse. Ko waiwaye! Tana ƙara busawa, suna ƙara gudu.

Mutumin ya dawo ya tarar da gida toka. Matar ta tsere daji da yara, tsohuwa ta tsira a cikin randa. Ya zaga bayan dutse, ga dakaru cirko-cirko, kibiya a tsirkiya. Babbansu ya washe baki ya ce, "Maigida, ko ƙwaya ba a taɓa ba."

Ma'anar misalin nan ita ce: gidan ƙasa ce, dakarun sojoji ne, cittar kuwa rijiyar mai ce, da ramin zinariya, da kayan manya. Hakika ina gaya muku, soja ba rantsuwa yake bi ba, inda aka saba masa da gudu can zai nufa. Ku ma, ku duba inda ƙafarku ke kai ku in ɗan'uwa ya yi ihu.

To, malamarku, Malama Rifkatu, tana ta hararata, kuma nan ɗakin Ubangiji ne, ba wurin ƙarya ba. Randar nan ni na ƙara, don kada ku yi kuka. Babu wata randa. Da ni aka haƙa kabarin tsohuwar.