Sandar da Ta Ƙi Hannun Barewa

Akwai wani direba a wani kamfanin sabulu da ya shafe wata biyar yana koyon abin da mutane ke ganin ba ya buƙatar koyo, wato karɓar sanda.

Gasar ma'aikatan kamfanoni ce ke tafe. Tseren mutum huɗu, kowa ya yi gudunsa ya miƙa wa na gaba sanda, direban ne kuma na ƙarshe. Kullum aka tashi aiki, shi da mai gadi da akawu da Dogo mai kula da sito sai su ja layi da alli a bayan gareji. Dogo ya taho a guje, direba ya zabura, ya miƙa hannu baya ba tare da waiwaye ba. Da farko sandar ta fi son ƙasa. A hankali ta saba da tafin hannunsa.

Saura kwana uku manaja ya kira shi ofis. Ga ƙanin matar manajan a kan kujera, wanda ake ce wa Barewa. Makon da ya wuce aka ɗauke shi aiki, aikin da har yau ba a gano ko mene ne ba.

"Shi zai yi gudun ƙarshe," in ji manaja. "Kai ka kai mu a mota."

"Yallaɓai, ya fi ni gudu, ban musa ba. Amma ko sau goma ne ya zo ya gwada karɓa daga hannun Dogo."

Barewa ya yi dariya. "Baba, sanda ce fa, ba jariri ba."

Direba bai kai talatin da biyar ba, amma ya haɗiye "Baban" tare da sauran.

Ranar gasa yana tsaye a bakin fili da makullin mota a hannu aka fara zagayen share fage. Su ne a gaba har Dogo ya iso. Barewa ya fita tun lokaci bai yi ba, ya waiwaya, ya ja birki, Dogo ya afka masa. Sanda ta gangara abinta. Da kyar suka tsallake zuwa zagayen ƙarshe, su ne kurar baya a cikin waɗanda suka haye.

Manaja ya taso wa Dogo. "Kai ko miƙa abu ba ka iya ba?"

Dogo na share jini a gwiwa ya ce, "Yallaɓai, wata biyar ina miƙawa. Yau ne dai ban sami hannu ba."

Mai gadi ya fara kwance igiyar takalmi, akawu ya bi sahu. In ba direba, ba gudu. Manaja ya duba, ya ga shugabannin kamfani a rumfa suna kallo. Nan take adalci ya sauko masa.

Da takalmin aro direba ya yi gudun. Bai waiwaya ba, sanda ta faɗo masa a hannu kamar an auna. Biyu daga cikin waɗanda ya bari a baya sun fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma sun ɓata lokaci wajen lalube. Na biyu suka zo.

Manaja ya shaida wa shugabanni cewa dama dabararsa ce. Shi ya riƙe kofi a hoto, Barewa na gefensa. Direba ba ya ciki, an aike shi ya juyo da mota.

Darasi: Baiwa ba ta maye gurbin atisaye, kuma surukuta ba ta karɓar sanda. Ku tura wa wasu, musamman wanda ke da ikon zaɓen 'yan wasa, ko Allah zai sa ya karanta har ƙarshe.