Busasshiyar Bishiya a Bangon Sarki

A zamanin da an yi wani sarki wanda ciwon ƙafa ya hana shi rangadi shekara uku. Da kewar karkara ta ishe shi, sai ya sa wani mai zane, Mantau, ya zana masa ƙauye a bangon soro, ranar da ruwan shuka ya sauka.

Mantau ya yi aikinsa da jar ƙasa da shuni da alli. Ga magidanci a gaba yana sara da sungumi, iyalinsa na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, ga shamuwa ta dawo. Sarki ya ce har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake ji. Ya sa aka juya shimfiɗarsa ta fuskanci bangon, wato ta ba Waziri Jatau baya.

Shekara ashirin Waziri na magana ana kallon bakinsa, yau ga shi yana yi wa ƙeyar sarki bayani. Bai ji haushi ba, in ji shi, abinci ne kawai ya daina yi masa daɗi. Kwana bakwai yana ƙare wa zanen kallo, har ya sami abin da yake nema.

Ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, dubi tsakiyar gonar. Kowace bishiya ta yi ganye, sai babbar ce ta bushe ƙayau. Wane ne babba a ƙasar nan? Hannun da ya zana wannan, fata yake yi maka, kuma ba na alheri ba. A sare shi."

Mantau ya zube ƙasa yana neman afuwa. Sarki ya ce a shigo da duk baƙauyen da aka fara gani a ƙofar fada, ya duba zanen. Aka shigo da wata tsohuwa mai tallar daddawa, Tabawa.

Ta dubi bango ta ce, "Af, ga gawo! Lallai ɗan manomi ne ya yi wannan."

Waziri ya ce, "Iya, ai matacciyar bishiya ce."

Ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa fita bayan ganuwa kuwa? Gawo da damina yake zubar da ganye, gero ya sha rana a gindinsa. Da rani, in sauran sun tuɓe, shi ke ba dabbobi inuwa. Da ya sa masa ganye, da na ce maƙaryaci ne."

Sarki ya yafa wa Mantau alkyabba, sannan ya juyo, karo na farko cikin kwana bakwai. Ya ce, "Waziri, ashe mun tsare ka a gari da yawa. Je ka gandunmu ka zauna a gindin gawo. Ranar da ya yi ganye, ka dawo ka sanar da mu."

Lokacin kuwa farkon damina ne, kuma daminar shekarar ta yi albarka ƙwarai. Waziri shaida ne, don ba ɗigon da ya wuce shi.