Kura Ta Bar Cin Nama

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To ku matso. Mai gyangyaɗi kuma kada ya ce in maimaita masa gobe.

An yi wata shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Yunwa ta shiga gari, ta shiga daji, dabbobi suka rame suka lalace. A cikinsu akwai wata Akuya mai ɗa guda, ɗan baƙi, ko ƙaho bai fito masa ba. Duk duniya ba ta da kowa sai shi.

Ran nan sai ga Kura da ƙunshin ganye a ka. Ta yi sallama, ta sauke, ta ce, "'Yan'uwa, na tuba. Nama ya yi wuya, kuma cin ɗan'uwa ba kyau. Daga yau ganye zan ci irin naku. Na san wata fadama can nesa, ni zan riƙa ɗebo mana."

Tunkiya, kun dai san ta da saurin yarda, ta ce, "Alhamdu lillahi, Kura ta shiryu!"

Akuya ta ce, "Allah ya sa." A ranta kuwa cewa ta yi, "Kura da ganye? Ruwa ba ya tsami banza."

Kullum sai Kura ta kawo ganye barkatai, duk abin da ya yi kore ta tsinko. Su tsince tafasa da rama da yaɗiya, su zubar da filasko, don ko ɗan akuya ya san filasko zawo yake sawa. In an ce ta sa hannu, sai ta ce, "Ku ci, ku ci, ni na ci a hanya."

Wata rana ta shafa bayan ɗan Tunkiya, ta ce, "Yaro ya murmure!" Kashegari aka neme shi aka rasa. Kura ta fi uwarsa kuka.

Aka kwana biyu, ta shafa bayan ɗan Barewa, ta ce, "Yaro ya murmure!" Kashegari aka neme shi aka rasa. Kura har da birgima.

Da rana kowa ya kwanta a inuwa ana tuƙa, Kura ma tana ta motsa baki. Akuya ta matsa kusa ta kasa kunne, sai ta ji ƙurus, ƙurus.

Ta ce, "Kura, wane ganye ne mai ƙara haka?"

Kura ta ce, "Karan rama ne, ƙawata." Sai ta miƙa hannu ta shafa bayan ɗan baƙin nan, ta ce, "Yaro ya murmure!"

Akuya ta janye ɗanta. Ta je ta gaya wa Tunkiya, Tunkiya ta ce, "Ke dai kin cika zargi. Ki kore ta, wa zai ciyar da mu?"

Akuya ta tashi. Ta koma juji ta tsince filaskon da aka zubar, ta dafa, ta yi kwaɗo akushi guda. Da la'asar ta tara jama'a, ta ce, "Mun yi abin kunya. Baƙuwa tana ciyar da mu, ba mu taɓa ba ta abincin hannunmu ba. Kura, bismilla."

Kura ta ce, "Ai na ci a hanya."

Akuya ta ce, "Na hanya daban, na gida daban. Ko ganyen ne ba kya so?"

Ido ya yi wa Kura yawa. Ita kuwa duk ganye ganye ne a wurinta. Ta runtse ido ta kai loma, ta ce, "Daɗi!" Ta ƙara, ta ce, "Daɗi!" Ta suɗe akushi tas.

Ba a jima ba ciki ya murɗa, ƙululu! Ta ruga bayan geza ta tsuguna. Akuya ta ce, "Ku zo mu duba baƙuwa, ko ba lafiya."

Suka leƙa. Sai ga farin gashi, sai ga ɗan ƙaramin kofato. Tunkiya ta gane gashin ɗanta, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Barewa ta faɗi sumammiya. Wani bajimin sa da ke cikin jama'ar ya sunkuyar da kai ya yi kan Kura.

Kura ta so ta miƙe, ciki ya hana. Haka ta zura a guje rabi a tsugune, ƙaho yana bin ta. Da safe Akuya ta sa ɗanta a gaba, suka bi sawun Kura har fadamar nan, kowa ya tsinki ganyensa da bakinsa.

Shi ya sa har yau in kun ga kura, gabanta a miƙe, ƙugunta a tsugune. Ba ta gama ba ne aka tashe ta.

Ku kuma yara, duk wanda ya ce muku "ku ci, ku ci" shi bai sa hannu ba, ku tambayi kanku me yake jira ya nuna.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Wanda bai yarda ba, ya je ya ba kura kwaɗo.