Dalilin da Ya Sa Babu Ƙaramin Akushi a Rafin Kanya

Dalilin da ya sa duk gidan da kuka shiga a nan Rafin Kanya ba ku ganin akushin mutum ɗaya, yara, ba don masassaƙanmu sun kasa ba ne. Ku matso ku ji.

A da akwai shi a kowane gida. A wancan zamanin an yi wani ɗan kokawa, Jatau, wanda ya shekara tara bayansa bai taɓa ƙasa ba. Kullum ƙofar gidansa cike take da makaɗa da maroƙa. Wata kaka sai wani baƙo ya kayar da shi a gaban mutanen garuruwa bakwai. Kafin ya miƙe, makaɗan sun koma bayan baƙon.

Jatau ya shige ɗaki ya saki asabari. Bai yi kuka ba. Abinci kawai ya nema.

Yayarsa Asabe, wadda ke riƙe masa gida, ta kai masa tuwo a ɗan akushinsa. Ya cinye ya ce a ƙaro. Ta kai fura, ya shanye ya ce a ƙaro. Haka aka yi wata huɗu. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa nauyi. Ran nan Asabe ta leƙa rumbu ta ga saura dami biyar, su ma na iri ne.

Ta ɗaga asabarin ta shiga.

"Jatau, tuwon jiya da miyar me ka ci?"

Ya ce, "Ban sani ba, Yaya."

"To, ba yunwa kake ji ba. Kuma laifinmu ne. Tun kana goye, da ka buɗe baki za ka yi kuka sai Inna ta cusa maka ƙuli-ƙuli. Ni ma haka na yi maka. Ba wanda ya taɓa tambayarka me ke maka ciwo."

"Ni dai ki ba ni tuwo."

"Zan ba ka. Amma daga yau ba za ka kai loma baki ba sai da hannun wani a cikin akushin."

Ta tafi wurin Baba Barmo masassaƙi, ta roƙe shi akushi mai faɗin faifai biyu. Da ya ji dalili, shi da kansa ya ɗauko shi zuwa gidan. Asabe ta zuba tuwo a ciki, shi kuwa ya wanke hannu, ya zauna gaban Jatau.

Jatau ya kai hannu da sauri. Tsohon ya ce, "A hankali, ɗana. Ni ma an taɓa kayar da ni, kafin a haifi ubanka. Faɗa mini, faɗuwar ce ta fi ciwo, ko tafiyar makaɗan?"

Lomar ta tsaya a hannun Jatau. Ya ce, "Baba, ko mutum ɗaya bai waiwayo ba." Sai hawaye. Ya yi ta magana har tuwon ya huce, suka tashi ba su ci rabi ba.

Washegari Baba Barmo ya zo da maƙwabci. Jibi suka zama biyar. Da ruwan farko ya sauka, Jatau ne ya riga kowa fita da sungumi, ya shuka gonarsu kaf. Bai sake shiga fagen kokawa ba, amma ya rayu har ya ga jikoki.

Baba Barmo kuwa ya tara masu sana'arsa suka yi alkawari: gizagonsu ba zai ƙara sassaƙa akushin mutum ɗaya ba.

Shi ya sa har yau, idan ɗan Rafin Kanya ya yi rashi, ko aka yi masa dariya a kasuwa, ko gonarsa ta ƙi, ba ma aika masa da tuwo mu koma gida. Wanke hannu muke yi mu zauna. Wasu garuruwan suna alfahari da ganuwa, wasu da yawan shanu. Ku kuwa, duk inda aka tambaye ku, ku ɗaga kai ku ce: a garinmu ba a barin mutum shi kaɗai da akushi.